Rashin Natsuwar Ƙafafu da Dare: Wane Magani, Wane Haɗari?

A cikin cututtukan da ke raba ɗan Adam da barci akwai wata wadda ba ta kawo kumburi ko zazzaɓi, ba ta kuma barin tabo a jiki. Mai ita yakan wuni lafiya lau a gona ko a kasuwa. Sai dare ya yi, ya miƙe bisa shimfiɗa, sa'an nan ya ji wani abu cikin ƙwaurinsa kamar tururuwa na tafiya a ƙarƙashin fata, ko kamar ana jan jijiya daga ciki. Ba shi da zaɓi sai ya motsa ƙafar. In ya tashi ya taka, abin ya lafa; in ya koma ya kwanta, ya dawo. Likitoci suna kiran wannan lalura da Faransanci syndrome des jambes sans repos, watau rashin natsuwar ƙafafu.

Maganar ta shafi gundumomin Dogondutsi da Tibiri sabo da dalilai biyu. Na farko, babban abin da ke tada ciwon shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, wannan kuwa ya yi yawa tsakanin matan karkara. Na biyu, ƙasar Arewa tana maƙwabtaka da jihohin Kabi da Sakkwato, kuma ƙwayoyin magani suna yawo a kasuwanni ba tare da takardar likita ba. Mutumin da ya kwana uku bai rintsa ba, duk abin da aka miƙa masa zai haɗiye. Daga cikin abin da ake miƙawa kuwa akwai wanda ke ƙara ciwon, akwai wanda ke kama mutum ya zama bawansa.

YADDA AKE GANE SHI

Ciwon ba sabo ba ne. Wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya bayyana shi tun 1672. A 1945 likitan ƙasar Suwidin Karl-Axel Ekbom ya yi cikakken rubutu a kansa, shi ya sa wasu ke ce masa ciwon Willis-Ekbom.

Babu na'urar da ke nuna shi. Da tambaya ake gane shi, bisa alamomi huɗu: mutum yana jin dole sai ya motsa ƙafa, abin yana farawa in ana zaune ko kwance, yana sauƙi da zarar an motsa, ya fi tsanani da maraice da dare. Bayan haka sai likita ya tabbata ba wata cuta ce ke kwaikwayonsa ba. Ɗaurewar jijiya takan zo da zafi mai tsanani, naman ƙwauri ya yi tauri, ta kuma wuce cikin mintoci. Sanyin ƙashi a gaɓoɓi yake zama, tafiya ma ƙara shi take yi. Zugin tafin ƙafa na masu ciwon sukari ba ya lafawa don an taka. Kimanin 8 cikin 10 na masu rashin natsuwar ƙafafu suna kuma shure-shure cikin barci ba su sani ba, sau da yawa abokin kwana ne ke fara lura.

A Turai da Amurka, tsakanin mutum 5 zuwa 10 cikin 100 suna da alamun ciwon, amma 2 zuwa 3 ne kawai yake damu har su bukaci magani. Mata sun ninka maza, yana kuma bin jinin gida. A Afirka alƙaluma sun sha bamban: binciken da aka wallafa a 2010 daga arewacin Tanzaniya ya sami mutum ɗaya tak cikin fiye da 7000, wanda aka wallafa a 2016 kan tsofaffi a kudu maso yammacin Najeriya kuwa ya sami kashi 3,5 cikin 100. Abin da aka tabbata ko'ina shi ne akwai rukuni uku da ciwon ya fi kamawa. Mace ɗaya cikin biyar takan ji shi in tana da juna biyu, musamman a watanni ukun ƙarshe. Haka ma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu ƙarancin jini na rashin ƙarfe, da masu ciwon ƙoda da ake wa wankin jini.

ƘARFE NE MAGANI NA FARKO

Ƙwaƙwalwa tana bukatar ƙarfe domin ta daidaita wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke da hannu cikin motsin jiki. In ƙarfen ya gaza, aikin dofamin yakan rikice, kuma da dare ne rikicin ke bayyana. Tun 1953 likitan Suwidin Nils Nordlander ya nuna cewa allurar ƙarfe tana kwantar da ƙafafun masu wannan ciwo.

A Nijar, ƙididdigar lafiyar jama'a ta 2012 ta nuna kashi 46 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. A wannan shekarar mace takan haifi ƴaƴa 7,6 a matsakaici, a 2021 kuwa 6,2. Kowane ciki yana ɗibar ƙarfe daga ajiyar uwa, in kuma haihuwa ta yi kusa da kusa ajiyar ba ta samun damar cika. Gero da wake suna da ƙarfe, amma akwai wani sinadari cikin hatsi da ke riƙe shi, hanji bai cika tsotsarsa ba. Shayi bayan abinci yana ƙara hana tsotsar. Ga zazzaɓin cizon sauro, ga tsutsar ciki, ga tsargiya a inda ake shiga tafki, duka suna rage jini.

Awon da ya fi muhimmanci a nan shi ne na feritin, watau ma'aunin ƙarfen da jiki ya ajiye. Ga sauran mutane, sai ya faɗi ƙasa da 15 ake cewa ƙarfe ya ƙare. Ga mai rashin natsuwar ƙafafu, likitoci suna ba da ƙarfe tun yana 75 ko ƙasa da haka, ko da awon jini na yau da kullum ya nuna jininsa ya isa. Wani abin lura shi ne zazzaɓi yana ɗaga feritin, ya nuna akwai ƙarfe alhali babu. Sabo da haka ba a yin awon cikin masassara. Da safe ake yin shi, bayan an yi kwana ɗaya ba a sha ƙwayar ƙarfe ba.

Ƙwayar da aka saba bayarwa tana ɗauke da kimanin miligiram 65 na ƙarfe. Ana shan ta sau ɗaya a rana, ko kuwa a sha yau a tsallake gobe. Ta fi shiga jiki in an sha ta da ruwan lemun tsami, a kuma bar tazarar awa biyu tsakaninta da shayi, nono ko fura. Takan sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Takan kuma sa ciwon ciki ko taurin bayan gida. Aikinta a hankali yake, sai bayan wata uku ake sake awo a ga inda aka kai. Wanda ƙwayar ta ƙi shi, ko aka ga ba ta yi aiki ba, ana iya sa masa ƙarfen ta jijiya, amma a asibiti kaɗai, inda za a iya taimakonsa in jikinsa ya ƙi karɓa. Amfanin wannan yakan bayyana bayan mako 4 zuwa 6.

Ƙarfe ma yana da nasa haɗari. Jiki ba shi da hanyar fitar da wanda ya yi yawa, yakan taru a hanta da zuciya. Mai sikila da aka sha ƙara wa jini bai kamata ya sha ba sai da awo. Namiji ko macen da ta daina al'ada, in aka same su da ƙarancin ƙarfe, dole a nemi inda jinin ke zuba: gyambon ciki, basir, tsargiya, ko yawan shan asfirin da ibufurofen da makamantansu. Mafi muni kuma, ƙwayar ƙarfe tana kama da alewa, ƙaramin yaro in ya haɗiye tarinta yana iya mutuwa. Wurin ajiyarta shi ne inda hannun yaro ba ya kai.

ABUBUWAN DA KE TADA CIWON

Kafin a ƙara wani magani, sai a duba waɗanda mutum ke sha. Magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci, irin su kulorfeniramin da Phénergan, suna tada rashin natsuwar ƙafafu. Abin takaici, su ne mai neman barci ke fara saya. Haka ma sifuroheftadin, wanda wasu mata ke sha don su ci abinci su yi jiki, ɗan gidan waɗannan ne. Primpéran na tsai da amai, Laroxyl da sauran magungunan damuwa, da Haldol da Largactil na taɓin hankali, duka suna iya tada shi. Wanda likita ya ɗora a kan maganin damuwa ko na taɓin hankali kada ya bari da kansa, ya koma ya faɗa wa likitan domin a sake masa wani.

Goro, shayi mai kauri da Nescafé suna da sinadarin da ke hana barci, gara a bar su daga la'asar. Taba da giya ma suna ƙara shi. Ga wanda ciwon bai yi masa tsanani ba, tafiya kaɗan da yamma, tausa, gasa ƙafa da ruwan ɗumi, da kwanciya a kan lokaci ɗaya kullum sukan wadatar.

MAGUNGUNAN DOFAMIN: DAƊIN FARKO

A 1982 wani likitan Turkiyya, Şevket Akpınar, ya gano cewa lebodofa, maganin ciwon karkarwa na Parkinson, yana kwantar da ƙafafu nan take. Daga baya aka fito da danginsa: Amurka ta amince da rofinirol a 2005, piramifeksol a 2006, da rotigotin na mannawa a fata a 2012. A farmasi ana ganin su da sunayen Adartrel, Sifrol da Neupro. Shekaru da dama su ne likitoci ke fara rubutawa, domin tun daren farko maras lafiya ke samun barci.

Aibinsu sai an daɗe yake fitowa. A 1996 likitoci biyu na jami'ar Johns Hopkins, Richard Allen da Christopher Earley, suka bayyana cewa maganin da kansa yana ƙara ciwon. Abin da ke farawa bayan lisha sai ya koma farawa da la'asar, daga nan azahar. Sai ya haura zuwa hannuwa. Maras lafiya ya ɗauka ciwon ne ya yi ƙarfi, ya ƙara ƙwaya, ya sami sauƙin ƴan makonni, sa'an nan abin ya dawo fiye da dā. Kimanin mutum 7 zuwa 8 cikin 100 na masu shan waɗannan magunguna ke faɗawa wannan hali kowace shekara. Da lebodofa, fiye da rabin masu sha kullum ne. Wani gwaji da aka wallafa a 2014, kan mutum 719 na tsawon shekara guda, ya sami kashi 7,7 cikin 100 ga masu shan rabin miligiram na piramifeksol, amma kashi 2,1 kawai ga masu shan piregabalin.

Haɗari na biyu ya shafi hali. Waɗannan magunguna sukan sa wasu su kasa kame kansu: caca, ɓarnar kuɗi, yawan ci, ko sha'awar da ta wuce kima. Magidanci mai kamun kai yana iya sayar da hatsin rumbu, ba wanda ya san ƙwaya ce sanadi. Sukan kuma kawo barci farat ɗaya da rana, abin da ke iya halaka direba ko ɗan kabu-kabu. Sabo da waɗannan dalilai, ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, a jagoran da ta fitar a ƙarshen 2024, ta janye su daga sahun gaba. Wanda ya riga ya daɗe a kansu kada ya yanke rana ɗaya, domin ciwon zai taso da ƙarfi har ya yi kwanaki ba barci. A hankali ake rage su, a hannun likita.

GABAFENTIN DA PIREGABALIN

Waɗanda suka maye gurbinsu a sahun gaba, tare da ƙarfe, su ne gabafentin da piregabalin, waɗanda aka fi sani da Neurontin da Lyrica. Asalinsu magungunan farfaɗiya ne da zugin jijiya. Suna kwantar da ƙafa, suna gyara barci, ba su kuma da halin ƙara ciwon irin na magungunan dofamin. Ana farawa da kaɗan, awa ɗaya ko biyu kafin lokacin da ciwon ya saba tashi, a riƙa ƙarawa bisa umurnin likita.

Su ma sukan sa jiri, layi, gyangyaɗi, kumburin ƙafa da ƙiba. Tsohon da ya tashi kewayawa cikin duhu yana iya faɗuwa ya karye. Ƙoda ce ke fitar da su, don haka mai ciwon ƙoda sai an rage masa. A watan Disamba na 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa suna iya danne numfashi, musamman ga tsofaffi, masu ciwon huhu, da wanda ya haɗa su da tramadol, kodin ko Valium. Piregabalin kuma ya zama abin maye ga matasa a ƙasashe da yawa. Ingila ta sa shi cikin magungunan da doka ke tsarewa a watan Afrilu na 2019, Faransa ta tsananta ƙa'idar rubuta shi a watan Mayu na 2021. Wanda aka rubuta wa shi ya ɓoye shi daga samarin gida, kada kuma ya raba da maƙwabci.

TRAMOL DA DANGINSA

Gaskiya ne magungunan dangin ofiyom suna kwantar da ciwon. Ƙwararrun likitoci sukan ba da su da ƙaramin ma'auni ga wanda komi ya gagara, suna kuma bin sa da awo. Wannan dabam yake da tramol ɗin kasuwa. Na asibiti yakan zo da miligiram 50 ko 100, ba a kuma wuce 400 a yini. Na kasuwa sau da yawa 200 ne, ko 225, ko 250, wani lokaci ma ba a san abin da ke ciki ba. Yana kawo farfaɗiya, yana danne numfashi, yana kama mutum cikin makonni kaɗan, an kuma shaida cewa shi ma yana ƙara ciwon in an daɗe ana sha.

Akwai wani tarko da ya shafi samari masu ƙwadagon noma da masu tafiya ci-rani. Mai shan tramol ko kodin, ranar da ya bari, ƙafafunsa sukan hana shi barci na kwanaki ko makonni, ko da dā bai taɓa jin haka ba. Sai ya ɗauka wata cuta ce ta kama shi, ya koma ga ƙwayar. Alhali alamar janyewa ce, kuma tana wucewa. Taimakon da yake bukata shi ne a rage masa a hankali a asibiti. Najeriya ta hana sarrafa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018 sabo da ɓarnar da ya yi wa matasan arewacin ƙasar.

Valium da danginsa suna kawo barci kawai, ba su taɓa tushen ciwon, su ma suna kama mutum. Kinin kuwa ba ya maganin rashin natsuwar ƙafafu ko kaɗan, yana kuma iya cutar da jini da zuciya. A bar shi ga zazzaɓin da aka yi shi dominsa.

MACE MAI JUNA BIYU

Ga mai ciki akwai albishir: ga mafi yawan mata ciwon yakan tafi da kansa cikin makonni kaɗan bayan haihuwa. Maganinta na farko yana wurin awon ciki. Ƙungiyar Kiwon Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce kowace mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe tare da folik asid kullum. Nijar ta shigo da awon ciki cikin tsarin kula da lafiya kyauta tun 2006. Mata da yawa sukan ajiye ƙwayar don tana tada musu zuciya, ko don tsoron kada jinjiri ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Wannan tsoro ba shi da tushe, ƙarancin jini ne ke sa zubar jinin haihuwa ya zama ajali. Wadda ƙwayar ke damu ta gwada shan ta da dare, ko bayan ta ɗan ci wani abu.

Sauran magungunan duka ba na mai ciki ba ne sai da shawarar likita. A 2022 hukumar magunguna ta Ingila ta yi gargaɗin cewa piregabalin a watanni ukun farko yana ɗan ƙara haɗarin naƙasa ga jariri. Tramol yana sa a haifi jinjiri da ƙishirwar ƙwaya. Magungunan dofamin kuwa suna ƙafar da nono.

HANYAR DA ZA A BI

Mai wannan lalura daga Matankari, Ɗan Kasari, Kiyeshe, Gesheme, Dumega ko Kore Mairuwa, ya fara da cibiyar lafiya ta kusa da shi. Ya bayyana alamun nan huɗu da bakinsa, domin in ya ce ciwon ƙafa kawai, maganin zafi za a ba shi. Ya tafi da duk ƙwayoyin da yake sha, har da na kasuwa, ba tare da jin kunya ba. In ana bukatar ƙarin awo, akwai asibitin gunduma, akwai babban asibitin jaha a Doso, kusan kilomita 140 daga Dogondutsi, akwai kuma ƙwararrun likitocin jijiya a manyan asibitocin Yamai.

A gida kuwa, hanta, nama, kifi, wake, zogale da yakuwa suna ƙara ƙarfe, ɗan tsamin lemu ko tumatir a cikin abinci yana taimakon shigarsa jiki. A 2018 cibiyar ICRISAT tare da INRAN sun fito da irin gero mai suna Chakti, wanda ya fi geron gida yawan ƙarfe, yana kuma nuna da wuri.

Ya kamata ma'aikatan lafiya su riƙa tambayar mai ciki yadda take kwana, magidanta su raka iyalinsu wurin awo, masu gari da limamai su ja kunnen jama'a game da ƙwayar bisa faifai. Rashin natsuwar ƙafafu ba ya kisa, ba ya kuma shanye ƙafa. Abin da ke iya kisa shi ne maganin da aka saya a ɓoye domin a sami barcin dare ɗaya. Hausawa sun ce garin neman gira a kan rasa ido. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu lafiya lafiya.